Ɗinki a Bakin Tela

"Na ce ba zan ba shi ba! In shi kaɗai ne namijin da ya rage a duniya, gara ki zauna a gabana ki tsufa."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce daga hannun Auta. Madara mai ɗumi ta kawo wa Baba, don tun da aka yi masa aiki a baki ba ya iya tauna komai. Ta same shi tsaye a gaban dogon madubin shagonsa, wanda masu kawo ɗinki ke gwada kaya a gabansa. Ya kama leɓensa na sama da yatsu biyu ya ɗage, yana leƙen dasashinsa.

"Baba, don Allah ka saki leɓen nan. Likita ya ce kada a ja shi."

"Likita ya ce! To zo ki ga aikin Likitan naki."

Ta ajiye kofin a kan keken ɗinki ta matso. A wurin da aka yi aikin, saman giɓin haƙorinsa na gaba, naman ya yi fari fat. Ga wasu 'yan siraran zare baƙaƙe suna leƙowa nan da can.



Baba tela ne tun kafin a haifi Auta, kuma shagon a jikin gidansu yake. Yana da almakashi sun fi a ƙirga, amma bai taɓa yarda su yanke masa zare ba sai haƙorinsa na gaba. Ga ciwon dasashi da ya daɗe yana cinsa a ɓoye. In ya ga jini ya tofar, ya ce zafi ne. Da haka naman ya janye, haƙorin ya fara girgiɗi, wata safiya ya faɗo masa a tafin hannu.

Da aka je asibiti suka ce sai an dasa masa ɗan ƙarfe a cikin ƙashi, wanda sabon haƙori zai zauna a kai. Kuma sai an yanko nama kaɗan daga ganɗarsa an lulluɓe wurin, don nasa dasashin ya cinye. Aiki ne da ake yi ta cikin na'ura mai ƙara wa abu girma, kuma mutum ɗaya ne ya ƙware a kansa a asibitin.

Mutumin nan kuwa shi ne saurayin da Baba ya shekara yana kora daga ƙofar gidansa.

Ba wani aibu ya gani a jikin Likita ba. Yayarsa, Gwaggo, ita ta riga ta yi wa ɗanta Mai Kemis kamun Auta, kuma Gwaggo ce ta raini Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu. Duk faɗansa da tsawarsa, in ta ɗaga murya sai ka ga dattijo yana sosa ƙeya. Ya ce ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma kuma ba zai ba da ita ga mai wuni yana leƙen bakin mutane ba. Ciwo ne kawai ya kwantar da shi a kujerar Likita, yana harare-harare.

"Kin gani ko?" in ji Gwaggo daga kan bencin masu jiran ɗinki. Tun da sassafe ta iso, Baba da kansa ya kira ta. "Ai na faɗa. An je an miƙa wa yaro baki ya koyi aiki."

Mai Kemis na tsaye a gefenta da farar leda a hannu, ya sha turare har shagon ya ɗauka. Ya haska fitilar wayarsa a bakin Baba, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kawu, mugunya ce wannan. Naman ya mutu. In aka bar shi zai ci har ƙashi. Ga auduga da magani na kawo, a goge farin nan tas, sai ka fara shan ƙwayoyin da zan ba ka."

"Ni ba ma farin ne ya fi ɓata min rai ba," in ji Baba cikin fushi. "Ɗinkin! Ku dubi zare yana reto ko'ina. Tun da nake ban taɓa barin riga ta fita shagon nan da bakin zare a waje ba. Mutumin da zai ɗinka bakin uban yarinyar da yake so ya bar shi haka, yaya zai riƙe yarinyar?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaramin almakashinsa mai tsini, wanda yake tsefe ɗinki da shi.

Auta ba ta san lokacin da ta zube a gabansa ba. Ta riƙe hannun da hannuwanta biyu, hawaye suka ɓalle mata.

"Baba, na roƙe ka da girman Allah kada ka taɓa. Ya gaya maka, ni ma ya gaya min, in aka motsa naman kafin ya kama shi ke nan an yi asararsa."

"Sake ni, Auta."

"Ba zan sake ba. Ka mare ni in ka ga dama, amma ba zan sake ba."

"Iye!" Gwaggo ta tafa hannu. "Yau ga rashin kunya da rana tsaka. A kan namiji kike kokawa da ubanki?"

"Gwaggo, ba a kan namiji ba ne." Ta juyo, fuskarta sharkaf. "Ni nake wanke tsumman da yake goge jini da shi. Ni na ga lokacin da ya daina dariya a gaban mutane. In mai kawo ɗinki ya ba shi labari sai ya sa hannu ya rufe baki. Babana da ake jin dariyarsa daga bakin titi! Ko da Likita maƙiyina ne, wallahi ba zan bari a sa almakashi a wurin nan ba."

Baba ya kawar da kai. Hannunsa ya ɗan saki.

Umma, mahaifiyar Auta, ta leƙo daga ƙofar da ta haɗa shagon da gida. Mace ce mai shiru, amma ta san inda take ajiye maganarta.

"Malam, in aka kawo maka rigar da ka ɗinka aka ce ta ɓaci, wa kake so ya fara dubawa, kai ko telan maƙwabta?"

 Mai Kemis ya gyara riƙon ledarsa.

Auta ta share ido da bayan hannu. 

"Baba, mu je ya duba. In ya tabbata aikin ya lalace, na yi maka alkawari a gaban Gwaggo da Umma, ni da bakina zan ce masa ya haƙura. Ba za ka ƙara jin maganarsa daga gare ni ba."

"Kun dai ji," in ji Gwaggo da sauri, tana gyara mayafi. "Kowa shaida ne. Tashi mu je."

A motar Mai Kemis suka tafi. Auta na baya kusa da Umma, ta jingina kai da gilashi tana kuka marar sauti. Ita kanta ta ga farin nan da idonta, kuma bai yi mata kama da abin da ke warkewa ba. Ta yi caca da abin da ta fi so, ga shi ba ta da tabbas ko na ƙwayar zarra.

Umma ta matse mata hannu, ta raɗa mata, "Ki yi ta addu'a. Kuka ba ya ɗinke komai."

Likita na tsaka da wanke hannu nas ta shigo da su. Dogo ne, marar jiki, mai sanyin magana. Ya rusuna ya gaida Baba, Baba ya amsa da hanci. Da ya dubi idon Auta ya ga yadda suka kumbura, sai murmushinsa ya ɗauke.

"Lafiya?"

"Lafiyar ke nan," in ji Gwaggo. "Ka ruɓar masa da baki."

Nas ta lallaɓa Gwaggo da ɗanta da Umma suka koma waje kan kujerun jira. Auta kaɗai aka bari, ta rakuɓe a jikin bango kusa da wurin wanke hannu.

Ɗakin ƙarami ne, fari, yana ƙamshin maganin asibiti. Baba ya kwanta a doguwar kujera, Likita ya taka wani abu da ƙafa ta kwanta da shi. Ya sa safar hannu, ya jawo na'urar da ke rataye a kan dogon hannun ƙarfe, ya kafa idanunsa a bakinta. Haske ya sauka a kan leɓen Baba.



 Likita ya matsa na'urar kaɗan, ya sake dubawa. Ya daɗe a wuri ɗaya.

"Baba," ya ce a hankali, bai ɗago ba. "An taɓa ɗinkin nan."

Auta ta dafe bango.

Baba ya yi gyaran murya. "Ɗaya ne kawai. Tun kafin su Yaya su iso na datse shi. Shi ya fi tsayi, yana sukar min leɓe."

"Innalillahi... Baba!" Kuka ya sake ƙwace mata.

"Ki tsaya, Auta." Likita ya ɗauki wani siririn ƙarfe ya taɓa gefen naman da shi, taɓawar da ko ƙuda ba zai ji ba. Ya taɓa ɗaya gefen. Sai ta ga kafaɗunsa sun sauka, ya saki dogon numfashi a bayan ƙyallen da ya rufe bakinsa.

"Alhamdulillahi. Ya kama."

"Me?" in ji Auta.

"Naman ya kama. Bai motsa ba. Bakin zaren kawai Baba ya datse, ƙullin na nan daram."

Auta ta saki bangon. Ta sulale ta zauna a kan ƙaramar kujerar nas, tana dariya tana kuka lokaci guda. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har yatsun ƙafa, ta ji kamar yau aka haife ta.

"Ai dama ba zan yanke ƙulli ba," in ji Baba daga kwance, wai shi a dole an raina masa sana'a. "Amma farin fa? An ce min mugunya ce."

"Bari ka gani da idonka."

Likita ya juyo da allon da ke maƙale a bango ya kunna. Dasashin Baba ya bayyana a kai, ya cika allon gaba ɗaya.

"Farin nan fatar sama ce, Baba. Dole ta yi haka, za ta saɓule da kanta. Dubi ƙarƙashinta. Ka ga inda ya yi ja-ja, da 'yan layukan nan sirara? Jijiyoyin jini ne suka fara shiga sabon naman. Da an goge shi da auduga, da su aka tsinke."

Amma Baba ba jijiyoyi yake kallo ba. Ya ɗago kai daga kujerar, ya ƙanƙance ido.

"Tsaya. Matso da shi nan. A'a, hagu."

Likita ya matsa.

Ɗinkin ne ya fito a jere. Tazarar da ke tsakanin kowane ƙulli da ɗan'uwansa ɗaya ce, kamar an sa tef an auna. Bakin nama ya haɗu da bakin nama, babu inda ya tattare, babu inda ya hau kan wani.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Da hannu ka yi wannan?"

"Da hannu, Baba."

"Da wace irin allura?"

Likita ya buɗe wata 'yar takarda, ya ɗauko abin da ɗan matsi ya ɗora a kan farar auduga. Baba ya lalubo tabaransa ya sa. Sai da ya kai hancinsa kusa sannan ya gan ta, lanƙwasasshiya kamar gashin ido, da zaren da bai kai kaurin gashin kai ba.

"Ikon Allah," ya ce can ƙasa. Sai kuma ya tuna da fushinsa, ya haɗe rai. "To bakin zaren da ka bari fa? Wannan kam ƙazantar aiki ce."

"Ɗinkinka na zama ne, Baba. Nawa na cirewa ne. In naman ya gama kamawa zan warware shi, kuma in ban bar inda zan kama ba sai na tona naman kafin in same shi."

Baba ya cire tabaransa. Shi ma yakan yi ɗinkin wucin gadi in zai gwada wa mutum riga, kuma yakan bar bakin zaren da tsayi don ya ji daɗin zarewa. Bai faɗa ba, amma Auta ta ga ya kawar da kai.

Nas ta buɗe wa sauran ƙofa. Gwaggo ce a gaba.

"Yaya? Za a yanke wurin ne?"

"Ya warke, Gwaggo," in ji Auta, ta kasa ɓoye haƙoranta. "Yana warkewa!"

Umma ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Mai Kemis ya leƙa allon, ya tura ledarsa bayan ƙafa.

"Ai dama ni cewa na yi a zo a duba," ya ce. Nas ta juya baya tana gyaran abin da bai buƙaci gyara ba.

Baba ya tashi zaune a kujerar. Ya dubi Likita daga sama har ƙasa, kamar mai ɗaukar awo.

"Kai, saurara. Ni ba zan tsaya a gaban jama'a in aurar da 'yata da giɓi ba. Ƙarfen na ciki, naman ya kama. Ka ɗora min haƙorin nan a satin nan, ni kuma in ba ka Auta."

Gwaggo ta zabura. "Me kake faɗa haka?"

Auta ta toshe baki da mayafi. Shekara guda tana jiran kalmar nan, yau ga ta a fili. Ta kafe Likita da ido, duk jikinta na roƙonsa ya ce to.

Likita ya sunkuyar da kai. Ya cire safar hannunsa a hankali, ya jefa a kwando. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba?"

"Nama ne ya kama, ƙashi bai kama ba. Sai ƙashin ya manne da ƙarfen tukuna, kuma wannan sai an yi watanni. In na ɗora haƙori yanzu zai yi kyau ranar taro, kowa ya yaba. Bayan nan ƙarfen ya fara motsi, a dawo a cire, ƙashin da ya rage ma a rasa shi."

"Ko da Auta ce a kai?"

Likita ya dubi Auta, ya dawo da idonsa kan Baba. "Allah ya sani ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son ta ba. Amma ba zan yi maka aikin da na san zai lalace ba."

"Ka ji ko?" Gwaggo ta matso, har tana tuntuɓe da wayar na'ura. "An ba shi ya ce ba ya so! A gaban kowa ya ƙi ta. Ga ɗana nan, ko gobe ka ce ya shirya a shirye yake."

Baba ya sauko da ƙafafunsa ƙasa. Hannunsa ya tafi ƙeya kamar kullum, ya tsaya a hanya, ya dawo kan gwiwa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ke kika raine ni, kuma har in mutu ba zan iya biyanki ba. Amma ɗanki ya ga fari ya ce a goge, don ya ga abin da nake son ji ke nan. Wannan kuwa na miƙa masa abin da yake nema, ya ce min a'a don kada bakina ya lalace." Ya juya ga Likita. "Mu jira ƙashin. Kafin nan ka gaya wa mahaifinka ina son ganinsa."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. Sai ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, ta ce, "Watanni dai aka ce ko? To, Allah ya kai mu." Ta fice, ɗanta na biye da ita da ledarsa.

Umma ta kama Baba suka fita neman abin hawa, yana ta yi mata bayanin tazarar ƙulli, tana ce masa ya rage magana kada ya ja leɓen.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Nas ta ga haka, ta tuna tana da aiki a ɗakin gaba.

"Ka san na kusa mutuwa a tsaye?" Auta ta ce wa Likita, ba ta dube shi ba. "Da safe na yi alkawarin rabuwa da kai in aikin ya ɓaci. Yanzu kuma an ba ka ni, ka ce sai ƙashi ya yarda."

"Kin yi alkawarin me?"

"Kada ka canza magana. Kuma ka ji Gwaggo, ba za ta zauna ba." Ta ɗago jajayen idanunta. "Likita, don Allah. Ko wata ɗaya ba za ka rage ba?"

Ya girgiza kai, yana murmushi, shi ma hawaye na bin gefen hancinsa.

"Auta, bakin Babanki ne fa."

Ta harare shi iya ƙarfinta, hararar ta ƙi zama. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Da ka rage," ta ce daga ciki, "wallahi da ni ce zan ƙi ka."